Likita ya kawo zancen aikin ƙwaƙwalwa, kakar yaro ta ce sai bayan ranta

Anti, assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kejetia, muna zaune a Aboabo. Ɗan farina (ki yi haƙuri, ba na kiran sunansa) shekararsa 14, yana da farfaɗiya tun yana aji uku. Ba kullum yake faɗuwa ba. Sai ya ce wani abu na taso masa daga ciki, ya ƙura ido wuri guda, yana tanɗe baki yana murza gefen riga, bayan minti ɗaya ko biyu ya dawo bai san abin da ya faru ba. Ya sha carbamazepine, aka ƙara levetiracetam, har yau ba ya mako bai yi ba. Hoton MRI ya nuna tabo a ƙwaƙwalwa ta gefen hagu, saitin kunne, likita ya ce mu fara tunanin aiki. Surukata ta ce iska ce, a ci gaba da ruƙiyya, ba mai fasa kan jikanta. Maigida ya yi shiru. Yaya zan yi?
Maman yaro, Kumasi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya.

Likitan bai yi gaggawa ba. A wajen likitoci, idan an gwada magani biyu da suka dace, aka sha yadda ya kamata, ciwo bai tsaya ba, da wuya na uku ya tsayar da shi. Irin wannan tabon gefen kai kuwa shi ne ya fi jin aiki: a cikin mutum goma, shida zuwa bakwai kan rabu da farfaɗiyar. A New Delhi, cikin 2017, an kwatanta yara 116. Kashi 77 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun shekara ba ciwo, waɗanda aka bari da magani kaɗai kashi 7.

Ba zan ɓoye miki ba, hagu ne ke riƙe da magana a yawancin mutane, don haka yana iya samun raunin tuna sunaye da kalmomi. Wasu kan rasa ɗan ganin gefe ta sama, ga haɗarin zubar jini ko shigar ƙwayar cuta. Maganin ma ba a ajiye shi washegari, sai an daɗe ana ja baya da shi. Amma zaman jiran fa? Ciwon da kansa yana cin ƙwaƙwalwar a hankali, kuma yaron da ke ɗaukewa yana tsallaka titin Aboabo, ko a bakin murhu, ke kin san sauran.

Yarda da gwaji ba yarda da wuƙa ba ce. Sai an kwantar da shi an naɗi motsin ƙwaƙwalwarsa da na'urar EEG da bidiyo, an auna ƙarfin tunawarsa, an ga duka sun nuna wuri ɗaya. Ki tambayi likitan ina za a yi, yara nawa suka yi wa, nawa ne kuɗin, kuma me katin inshorar lafiya na NHIS zai ɗauka.

Kada ki ja da Hajiya surukarki, tsoro ne ya sa ta, jikanta ne. Addu'a ta ci gaba, ba ta hana asibiti. Ki ɗauki bidiyon ciwon a waya, ki lallaɓi maigida ya buɗe baki, ranar ganin likita ku tafi da ita ta yi tambayoyinta da kanta.