Amsa: wayar araha a Circle

Ɗan'uwa, ka ce wani saurayi ya tare ka a Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Accra, da iPhone a rabin kuɗinta, kana tambaya ko ka saya. Kar ka saya.

Wayar da zai fara nuna maka ta gaske ce, tana aiki. Kuna ciniki sai ya karɓe, ya ce albarka, ya sa a aljihu ya juya. Can ya kira ka ya ce ya sallama, ya miƙo ta a naɗe, yana gaggauta ka wai 'yan sanda na kusa. A aljihun nan aka yi musanya. Sai ka isa unguwar Nima ka tarar da guntun tayil ko sabulu cikin kwanson waya.

In dole ne, shiga shago mai ba da rasit. Danna *#06#, lambar shaidar wayar (IMEI) da za ta fito ta dace da ta kwali. Sa layinka ka yi kira, a cire iCloud, wato asusun Apple na mai wayar, a gabanka, don in an bar shi wayar ba za ta buɗu maka ba. Daga nan kar ta sake barin hannunka har ka tura kuɗin ta MoMo, wato biya ta waya.

Kuma karɓar kayan da ka san na sata ne laifi ne a dokar Ghana ta 1960.