Kafin ka ƙara shekara biyu a kan borin jini

Ɗana, ka tambaye ni ko bayan horon likitan yara ya dace ka ƙara shekaru don ƙwarewa a borin jini da garkuwar jiki, tunda abokanka na maka tsiya wai aikin atishawa da ƙaiƙayi ne kawai.

Hanyar a fili take. A Amurka, misali, shekara 4 ce a makarantar likitanci, 3 a horon yara, sannan 2 a wannan fanni kafin jarrabawar ƙwarewa. A cikin biyun nan har manya za ka duba, kada ka ɗauka ka rabu da su.

Abin da ya fi ba ni wuya lokacin da nake kamarka shi ne in daina gaskata gwaji ido rufe. Gwajin fata a yini ɗaya za ka iya shi: ka ɗiga ruwan gwaji a hannun yaro, ka ɗan soka, ka jira minti 15, ka auna kumburin. In ya ɗara na ruwan gishirin da ake ɗigawa don kwatance da milimita 3, sai a ce ya nuna. To me ya nuna? Cewa jikin yana da IgE na abin da aka gwada, wato sinadarin garkuwa mai tayar da bori, wanda masani Ishizaka da matarsa suka gano a 1966. Bai ce yaron ba zai iya cin abin ba.

An taɓa kawo mini yarinya 'yar shekara 4, duk ta rame. Wani ya yi mata gwajin jini na abinci barkatai, aka hana ta ƙwai, madara, alkama da kifi. Na tambayi uwar, ranar da ta ci ƙwai na ƙarshe me ya faru? Ta yi shiru, can ta ce, "Likita, ba komai." Muka zaunar da ita a asibiti muna ba ta kaɗan-kaɗan, muna ƙarawa bayan kowane minti 20, allurar adirenalin na kan tebur. Hannun uwar har rawa yake da ta miƙa cokalin farko. Ɗaya bayan ɗaya muka mayar mata da duka huɗun.

Mu ma mun taɓa yin kuskure, ka sani. Shekara da shekaru ana cewa a nisanta jarirai da gyaɗa, sai binciken LEAP na Landan a 2015 ya nuna ba su ita da wuri ya rage borin da kusan kashi 80 cikin 100.

Amma ranar da bori ya tashi da gaske, murya ta shaƙe, leɓe ya kumbura, ba a jira. Adirenalin a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.01 a kowane kilo. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro.

Ɗaya ɓangaren kuwa, na raunin garkuwar jiki, abokan naka ba su ma san da shi ba. Yaro ne da ciwon kunne ba ya barinsa, ciwon huhu sau biyu a shekara, kowa ya rubuta masa magani ya sallame shi. Haka likita Ogden Bruton ya tsaya a kan wani yaro ɗan shekara 8, har ya gano a 1952 cewa jininsa babu sinadaran kariya. Mafi tsanani a cikin irin waɗannan cututtuka shi ne SCID, inda ake haihuwar jariri kusan babu garkuwa; in ba a yi wa jariri dashen ɓargo ba da wuya ya kai shekara 2, kuma dashen ya fi kamawa in an yi shi a watannin farko. Irin waɗannan yara ba su da yawa, amma wanda ka kama, tare za ku girma, har aurensa sai ya gayyace ka.

Kada ka yanke shawara tukuna. Ranar Talata muna da gwajin ciyarwa guda uku. Ka zo da wuri, kai za ka auna nauyin yaran ka lissafa adirenalin ɗin kowanne kafin a ɗaga cokali.