Wane agogon zamani zan saya, kuma yaushe ya kamata in canza na hannuna?

Yawancin saƙonnin da suka shigo a 'yan kwanakin nan kan agogon zamani suke, irin wanda ake haɗawa da waya. Na zaɓo biyar waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani wasu ma.

Tambaya daga Kaduna: Assalamu alaikum Malam. Ina da Apple Watch Series 6, na hannu na saye shi. Lafiya lau yake aiki, sai dai kafin Isha'i cajinsa ya ƙare. Abokaina duk sun koma Series 10. In sayar in cika kuɗi ne, ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin maganar ciko, fara duba batirin. A kan agogon ka shiga Settings, sai Battery, sai Battery Health, za ka ga kason ƙarfin da ya rage. Apple ya ƙera batirin ne don ya riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan cikakken caji sau 1000, shi kuwa Series 6 tun 2020 ya fito, don haka in ka ga naka ya faɗi ƙasa da 80 ba abin mamaki ba ne. In kuma yana sama da haka amma yana zuƙe caji, kashe tsarin da ke barin fuskar agogon a kunne kullum, ka rage manhajojin da ke turo saƙo. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya kai ka lokacin barci.

To me aka ƙara bayan naka? Series 7 na 2021 ya zo da fuska mai faɗi da caji mai sauri. Series 8 na 2022 ya zo da awon zafin fata da gane hatsarin mota. Amma ƙwaƙwalwar da ke cikin 6 da 7 da 8 kusan ɗaya ce, shi ya sa ba na ba mai Series 6 shawarar ya cika kuɗi a kan 7 ko 8. A hannunka ba za ka ji wani bambanci ba. Sai a Series 9 na 2023 aka sa sabuwar ƙwaƙwalwa ta gaske, da amsa kira ta hanyar haɗa babban yatsa da manuni sau biyu. Series 10 na 2024 ya fi siranta da faɗin fuska. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, tun daga agogon farko na 2015 har zuwa Series 10, awa 18 kamfanin ke alƙawartawa. Sai a Series 11 na 2025 aka ce awa 24. Wato ko ka koma irin na abokanka, caji kullum yana nan.

Abin da ya fi ja mini hankali a naka shi ne sabuntawa. Da watchOS 11, wato tsarin da ke tafiyar da agogon Apple, ya fito a 2024 an yar da Series 4 da 5 da SE na farko. watchOS 26 na 2025 ya ɗauki Series 6, amma shi ne mafi tsufa a jerin, ka ga shi ne a bakin ƙofa. Ni a ganina, in batirin na da sauran ƙarfi, ka riƙe abinka har ranar da aka daina ba shi sabuntawa. In ya mutu, ko dai ka canza batir, ko ka tsallaka kai tsaye zuwa 9 ko sama. Ka duba wayarka ma: Series 10 ba ya haɗuwa sai da iPhone XS ko sama mai iOS 18, Series 11 kuwa sai iPhone 11 ko sama mai iOS 26. Kada ka sayi agogon da zai tilasta maka canza waya.

Tambaya daga Gusau: Malam, wayata Tecno ce. Tsakanin Apple Watch da Galaxy Watch wanne ya fi?

Amsa: Malam, a nan waya ce ke zaɓar agogo. Apple Watch ba ya aiki da kowace wayar Android, ko kunna shi na farko sai da iPhone, don haka ka cire shi a lissafi. Haka masu iPhone su sani cewa tun daga Galaxy Watch 4 na 2021, lokacin da Samsung ya koma tsarin Wear OS na Google, agogunansa ba sa haɗuwa da iPhone.

Galaxy Watch zai iya aiki da Tecno, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, da yawa daga ƙananan wayoyin Tecno da itel da Infinix suna zuwa da Android Go, wato wanda aka rage wa nauyi, kuma agogunan Wear OS ba sa aiki da shi. Shiga bayanan wayarka ka tabbatar. Na biyu, awon zuciya na ECG da awon hawan jini suna cikin manhajar Samsung Health Monitor ne, ita kuwa sai a wayar Samsung, kuma ba a kowace ƙasa aka buɗe ta ba. Za ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Sannan ka yi lissafin wuta. Galaxy Watch na yau da kullum kwana ɗaya zuwa biyu yake yi. In unguwarku kan kwana biyu ba a kawo wuta ba, ga waya ga fitila ga fanka suna jiran caji, agogon zai ƙare a cikin durowa. Jerin Huawei Watch GT manyansu kan kai har kwana 14, na Amazfit da yawa kan wuce mako, kuma duka biyun suna aiki da Android da iPhone. Na Huawei dai sai ka sauko da manhajarsa daga shafin kamfanin ko AppGallery, rumbun manhajojin Huawei. In abin da kake so shi ne ganin saƙo, amsa kira ta Bluetooth da ƙirga taku, na Oraimo ma sun ishe ka; kamfanin Transsion mai Tecno ne ya mallake shi, kuma samun su ba wuya. Abin da za ka rasa a irin waɗannan shi ne tarin manhajojin da ake saukewa a agogon Apple ko na Wear OS, kuma gaskiya mutane ƙalilan ne ke amfani da su bayan ɗokin makon farko.

Tambaya daga Maraɗi: Yaya, Hajiyarmu na da hawan jini da ciwon suga. Na ga wani agogo mai araha a kasuwa, an ce yana auna duka biyun ba tare da tsira yatsa ba. In saya mata?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Don Allah kada ki saya mata shi da wannan niyya. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Apple da Samsung da duk dukiyarsu ba su fitar da agogon da ke yin haka ba. Hatsarin a fili yake: agogo ya nuna lamba mai kyau alhali suga ya hau, ko ya nuna ya hau alhali ya sauka, Hajiya ta ƙara magani ko ta bari bisa lambar ƙarya.

Ga gwajin da za ki yi a gaban mai shago. Ki cire agogon daga hannu, ki ɗora bayansa a kan tebur ko kwalinsa, ki danna awon bugun zuciya. Koren hasken nan zai kama walƙiya, in jabu ne bayan 'yan daƙiƙu sai ya ba ki lamba, 76 ko 82, ya ce zuciyar tebur ce. Na kirki zai ce miki ba a ɗaura shi ba.

Ko na manyan kamfanoni akwai iyaka. Awon hawan jini na Samsung sai an daidaita shi da na'urar damtse kowane mako huɗu. Faɗakarwar hawan jini da Apple ya kawo a 2025 ba ta ba da lamba, tana nazarin kwana 30 ne ta ce a je a ga likita, kuma ba a yi ta don wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon ba. Huawei Watch D ne ke da iska a cikin maɗaurinsa yana matse hannu, shi ma yana da tsada. Da wannan kuɗin ki sayo mata na'urar awon jini ta damtse da na'urar suga da tsinkayenta, da ɗan littafin rubuta sakamako don nuna wa likita.

Tambaya daga Kano: Zan sayi Apple Watch na hannu, mai shagon ya ce wanda ke ɗaukar layi ya fi. Me zan duba?

Amsa: Kada ka ba da kuɗi sai ka haɗa shi da wayarka a nan cikin shagon, har ƙarshe. Na gaskiya da manhajar Watch ta iPhone yake haɗuwa, zai nuna wani gajimare mai juyawa ka haska shi da kyamara. In aka ce ka sauko da FitPro ko wata manhaja daban, jabu ne, ko da kwalin ya yi kyau, ko da lambarsa ta fito a shafin Apple, domin masu jabu kan kwafi lambar na gaskiya. In a tsakiyar haɗawa ya nemi Apple ID na wani, an kulle shi da iCloud, kuma sayensa kamar sayen kwaɗo ne ba mabuɗi. Kada ka yarda da "za a buɗe maka gobe". Daga nan sai ƙarfin batir, sai ka karkata agogon a haske ka duba gefen gilashin ko ya ɗago, alamar an taɓa buɗewa ko batir ya kumbura.

Batun layi kuwa, agogon ba ya cin sim na hannu, eSIM ne, wato sim da ake sa wa na'ura ba tare da kati ba, kuma sai kamfanin layinka yana da tsarin agogo na musamman. Samun eSIM a waya ba ya nufin akwai na agogo. Apple na da jerin ƙasashe da kamfanonin da ya yarda da su a shafinsa. In ba ka ga naka a ciki ba, sayi mai GPS kawai, wanda ba ya ɗaukar layi, ka riƙe cikon.

Tambaya daga Sakkwato: Zan iya alwala da shi?

Amsa: In an rubuta IP68 ko 5ATM, wato alamar jure ruwa, ruwan alwala ba zai yi masa komai ba, sai dai ka sassauta shi ko ka cire don ruwa ya kai ga fata. Sabulu da ruwan zafi ne ke cinye robar da ke tare ruwa, kuma agogon da aka taɓa buɗewa don canza batir ko gilashi kada ka ƙara amince masa da ruwa. Ku a Sakkwato zafi ma abin lura ne: Apple ya ce agogonsa ya fi son digiri 0 zuwa 35, a watan Afrilu kuwa kun san inda ake kaiwa. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana, kada kuma a sa shi caji yana da zafi, a bari ya huce tukuna.