Me ya sa bayan Z sai AA?

Sani, jiya ka taho da kwamfuta a hannu, ido a waje, ka ce, "Oga, na ɓata wa Alhaji Excel ɗinsa, haruffan saman nan duk sun koma 1, 2, 3. Wai tun farko ma me ya hana a sa wa layukan tsaye lamba, mutum ya huta da su AA da AB?" Lokacin an ɗauke wuta, masu fotokwafi sun cika shago, shi ya sa na ce ka bari sai yau. Jawo kujera.

Ba ka ɓata komai ba. Ka shiga File, ka sauka Options, ka danna Formulas. Za ka ga an rubuta R1C1 reference style da ɗan maki a gefe. Cire makin, haruffanka su dawo. Wani lokaci ma ba hannun kowa ba ne, fayil ɗin da aka fara buɗewa ne ya zo da saitinsa, Excel ya bi shi.

Abin da ka gani tsohon salo ne. VisiCalc, wani tsohon shirin lissafi irin Excel da ya fito a 1979, shi ya zo da harafi a sama, lamba a gefe. Microsoft kuwa da suka fitar da Multiplan a 1982, lamba suka sa ta ko'ina, gidan da muke kira C5 su R5C3 suke ce masa, wato layin kwance na 5, layin tsaye na 3. Sai Lotus 1-2-3 ya zo a 1983 da haruffa ya kwashe kasuwa. Excel ya bi haruffan, amma bai yar da tsohon ba, ya ajiye shi a cikin saiti. Ni dai ina bayan haruffa. Ka ɗauka Alhaji ya bugo daga kasuwar Mile 12 ta Legas, ga ihun 'yan dako, ga hon ɗin tirela, ya ce ka duba masa "uku, biyar". Wanne ne na tsaye, wanne ne na kwance? In ya ce C5 kuwa, ko rabin muryarsa ka ji ka san gidan.

Ƙidayar haruffan ba wuya. Z shi ne na 26, AA na 27, AZ na 52, BA na 53. In an kai ZZ an kai 702, sai a shiga AAA. Babu sifili a ciki, shi ya sa kan yara ke juyawa. Na ƙarshe shi ne XFD, layi na 16,384, tun daga Excel 2007. Kafin nan a IV ake tsayawa, layi 256 kacal. Ina yaron shago a Ikeja mun taɓa son jera kwanakin shekara 365 a kwance, muna cikin ja sai allo ya ƙare, dole muka juya su tsaye. Amma kada ka wahalar da kanka da haddace wannan. Ka rubuta =COLUMN() a kowane gida, shi zai faɗa maka layi na nawa kake.

To ga littafin albasar Alhaji. A sunan mai saye, B garinsu, daga C kwanakin wata suka fara. Na ga ka zauna kana buga 1, 2, 3 da yatsa har 31. Bari. A gidan C1 ka rubuta =COLUMN()-2, tunda layuka biyu ne kafin shi, A da B, sai ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar ƙasa ta dama ka ja har AG. Nan ne 31 zai faɗa. In ya faɗa a AF ko AH, akwai inda ka yi kuskure. Sabon Excel yana da =SEQUENCE(1,31) mai zuba su gaba ɗaya, sai dai tsohuwar kwamfutar da ke bakin ƙofa ba ta san shi ba.

Inda lambar layi ke cizo shi ne VLOOKUP, wato fomular da ke nemo suna a jeri ta ɗebo abin da ke gefensa daga layin da ka ba ta lambarsa, kuma ni ta cije ni. Da farko ka sani, ba daga A yake fara ƙidaya ba, daga farkon yankin da ka zaɓa ne. In yankinka ya fara daga B, to B ne na ɗaya. Shekarun baya na yi wa wani dillalin albasa, mai kawo kaya daga Aliero, takardar bashi. Sauran kuɗin da ake bin kowa yana layi na huɗu, sai na rubuta 4 a cikin fomula na kama gabana. Bayan sati biyu yaronsa ya cusa sabon layi na kuɗin dako a tsakiya. Excel ya gyara haruffan yankin da kansa, amma 4 ɗin nan da na buga da hannu ta zauna daram, ta koma ɗebo kuɗin dako a madadin saura. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Mutumin da ake bin kuɗin buhu arba'in, takarda ta nuna canji kawai ake binsa. Allah ya so dillalin yana da ƙaramin littafinsa na aljihu. Ranar har shago ya zo ya same ni, bai ɗaga murya ba, ya ajiye littafin a kan tebur kusa da takardata, ya yi shiru. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Tun daga ranar ba na buga lamba a wurin. MATCH nake sakawa, in ce ya nemo kan layin da aka rubuta "Saura" ya ƙirga da kansa, da sifili a ƙarshe don ya nemo kalmar daidai. Ko an cusa layi goma zai bi ta inda ta koma, muddin ba a canza rubutun kan ba.

Yanzu ka yi kwafin fayil ɗin Alhaji, kada ka taɓa na asali. Ka cusa layi tsakanin C da D, ka duba waɗanne lambobi suka motsa, waɗanne suka tsaya, ka rubuto min su a takarda kafin azahar. Ka fara duba man janareta tukuna.