Tambaya da Amsa: Shin Nutsewar Jiragen Ruwa Ce Ta Kawo Kuɗin Takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan marigayi kakanmu, wanda ya yi awon gyaɗa a Kano zamanin Turawa, mun tarar da tsohuwar takardar sule goma mai hoton bishiyar kwakwar manja. Ya sha gaya mana cewa an fito da kuɗin takarda ne saboda jiragen da ke kawo sulalla daga Ingila suna nutsewa a bakin Ikko. Shin haka abin yake, kuma wace hukuma ce take da ikon buga waɗannan takardu? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan tsoho. Maganarsa tana da tushe, sai dai ya haɗa abubuwa biyu da suka faru kusa da juna, wato haɗarin mashigar Ikko da kuma haɗarin yaƙi a kan teku.

Takardar da ke hannunku ta Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ce, wadda aka kafa a 1912 bayan rahoton kwamitin Lord Emmott, domin ta samar da kuɗi iri ɗaya ga Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya. A wancan lokaci mazauninta yana Landan, kuma ƙa'idarta mai tsauri ce: ba ta sakin fam ɗaya a nan sai an biya ta fam ɗaya na Ingila a can, ajiyar da ta tara kuwa akasari a takardun bashin gwamnatin Birtaniya da na ƙasashen daularta take zuba ta. Hukumar ba ta ba da rance kamar yadda babban banki ke yi, saboda haka yawan kuɗin da ke yawo a kasuwar Kurmi ya dogara ne kan yawan gyaɗa da fata da koko da manjan da aka iya fitarwa ta teku. A nan ne maganar tashar jiragen ruwa ta shigo.

A farkon ƙarni na 20 mashigar Ikko tana toshe da tudun yashi mai sauya wuri, igiyar ruwa kuma tana dukansa da ƙarfi, har manyan jirage ba sa iya shiga. Wasu sukan tsaya can waje, wasu kuma su zarce tashar Forcados da ke bakin kogin Neja a sauke kayansu cikin ƙananan jirage masu iya ratsa tudun, abin da ke jawo ɓata lokaci da asarar kaya, wani lokacin har da rayuka. Maganin da injiniyoyi suka kawo shi ne a shimfiɗa dogayen katangu biyu na duwatsu cikin teku, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, domin su matse ruwan da ke fita daga tafkin Ikko ya riƙa wanke yashin da kansa, sannan a ƙara da yashe hanyar. Duwatsun daga Aro kusa da Abeokuta aka riƙa ɗauko su a jirgin ƙasa. A watan Fabrairun 1914 jirgin Akoko ya shiga har cikin tashar, kuma sashen kula da hanyoyin ruwa na gwamnati ya ci gaba da yashewa da sanya alamomi masu shawagi da lura da fitilun jagora. Aikin bai zo babu illa ba, domin katangun sun tare yashin da ke gangarowa daga yamma, teku ta shiga cin gaɓar da ke gabas shekara da shekaru.

Ke nan lokacin da takardun farko na hukumar suka fito a 1916, matsalar tudun yashi ta riga ta yi sauƙi. Abin da ya tsananta a lokacin shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus sun nutsar da jiragen Elder Dempster, kamfanin Birtaniya mai jigila zuwa Afirka ta Yamma, da dama, ciki har da Falaba a watan Maris na 1915, inda fiye da mutum 100 suka halaka, da Apapa a 1917, amma duka biyun a kusa da gaɓar Birtaniya abin ya auku. Ga kuma azurfa ta yi tsada, alhali cinikin gyaɗa yana ta bunƙasa tun isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, kowace kaka ana buƙatar sulalla masu ɗimbin yawa. Ƙarancin ya kai ga gwamnatin Najeriya da kanta ta buga takardun gaggawa a ƙarshen 1918.

Manoma ba su karɓi takarda da hannu biyu ba, kuma a ganina suna da hujja. Mutumin da ke binne dukiyarsa a tukunya ya san gara da gobara da damina ba sa barin takarda, kuma ya ga yadda 'yan canji ke rage masa wani abu kafin su musanya masa ita da sule. Hankali bai fara kwanciya ba sai da hukumar ta fito da sulallan gaurayen ƙarfe a 1920, waɗanda narkar da su ba ya kawo riba.

Tsarin ya ci gaba har gab da samun 'yancin kai. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta karɓi ragamar tashoshin Ikko da Fatakwal a 1955, Ghana ta fito da fam ɗinta a 1958, Babban Bankin Najeriya kuma ya fara aiki da takardunsa ranar 1 ga Yulin 1959, sannan naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a farkon 1973.