Amsa kan kuros ɗin EK2 da bajen sojan ƙafa: mayen ƙarfe kaɗai ba ya raba gardama

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. An yi maka tayin lambobin sojan Jamus guda biyu na zamanin yaƙin Hitila: kuros ɗin ƙarfe mai daraja ta biyu, wanda masu tarawa ke kira EK2, da 65 a buge a zobensa, sai bajen farmakin sojan ƙafa wanda ba shi da tambari ko kaɗan. Mai sayarwa ya ce mayen ƙarfe yana kama kuros ɗin, kuma wai wani tsohon soja ne ya dawo da su daga yaƙin Bama (Burma). Kana neman sanin ko na asali ne kafin kuɗi su bar hannunka.

Ka fara ajiye labarin Bama a gefe. Sojojin Najeriya Italiyawa suka yaƙa a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka kara da Japanawa a Bama. Sojan Jamus bai taka fagen Bama ba. Da ma an ce tsohon sojan Faransa ne daga Nijar ko Chadi, da zancen ya fi kama hankali, domin su sun gamu da Jamusawa a 1940 da 1944. Ko hakan ne ma, baki ba ya tabbatar da ƙarfe.

Kuros ɗin na 1939, idan na asali ne, galibi gida uku aka haɗa. Akwai ƙwayar baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam biyu, gaba da baya, na wani farin gami da ake yi da jan ƙarfe da nikel da tutiya. An fenta ƙwayar tukuna, aka sa ta tsakanin firam ɗin, aka like gefen. Wannan tsari shi zai ba ka abin dubawa. Ɗauki gilashin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau goma, ka bi kaifin gefen, za ka ga siririn layin haɗi ya zagaye shi. Ka duba inda ƙwaya ta haɗu da firam: akwai ɗan rata, wani lokaci har bakin siririyar takarda yana shiga, wasu ma idan ka girgiza sai ka ji ƙwayar tana motsi. Idan baƙin fenti ya hau kan ƙananan gaɓoɓin firam, to ko dai abu ɗaya ne aka zuba aka fenta tsakiyarsa, ko kuma an sake fentin daga baya. Faɗi da tsawo wajen milimita 44 ne, nauyi wajen giram 20 da ɗan sama ko ƙasa gwargwadon kamfani. Gaba 1939 a reshen ƙasa, baya 1813.

Mayen ƙarfe yana kore mafi arhar jabu ne kawai, irin na zubin dalma ko tutiya. Masu yin jabu na kirki sun daɗe suna haɗa gida uku da ƙwayar ƙarfe, don sun san gwajin da kowa ke fara yi ke nan. A ɗaya hannun kuma akwai 'yan na asali masu ƙwayar tagulla waɗanda mayen ba ya kamawa sam.

Lambar 65 ta kamfanin Klein & Quenzer ce na Idar-Oberstein, a jerin lambobin da ofishin fadar shugaban ƙasa na lokacin ya raba wa masu ƙera lambobin yabo. A wannan jeri 1 Deschler ne na Munich, 2 Juncker na Berlin, 3 Deumer, 4 Steinhauer & Lück, duka biyun a Lüdenscheid, 20 Zimmermann na Pforzheim, 100 Wächtler & Lange. Akwai jeri na biyu mai harafin L da aka fara a 1941 don kayan da soja zai saya da kuɗinsa a kanti, kuma lambobin ba su dace da na farko ba: Juncker a can L/12 ne, Deumer L/11, Steinhauer & Lück L/16. To amma buga 65 a zobe aikin minti ɗaya ne ga mai guduma da ƙusar lamba. Amfanin tambarin ɗaya ne: ya gaya maka hotunan wane kamfani za ka nema ka gwada da su.

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne sababbin shiga ke gajiya. Kowane kamfani yana da nasa hatimin ƙarfe da inji ke buga firam da ƙwaya da shi, kuma kowane hatimi yana da halinsa da ba ya ɓuya. Yadda kan 3 yake a 1939, zagaye ne ko a miƙe. Yadda wutsiyar 9 ta lanƙwasa. Yadda gaɓoɓin firam suka haɗu a kusurwoyi huɗu na ciki, kusa da suwastika, alamar gwamnatin Hitila da ke tsakiyar kuros ɗin. Inda hatimin ya fara tsagewa har ya bar ɗan ƙullutu tsakanin gaɓa da gaɓa, a wuri ɗaya, a kan dubban kuros. Ka samo hotuna masu kaifi na 65 uku ko huɗu waɗanda masana suka riga suka amince da su, ka ajiye naka a gefensu, ka bi reshe-reshe. Idan zobe ya ce 65 amma firam da lambobin shekara na wani gida ne, ko ba na kowa ba, magana ta ƙare. Ka kuma leƙa cikin bugun lambar: idan ƙarfen ciki yana sheƙi alhali sauran zoben ya dushe, sabon bugu ne.

Akwai wani tarko da ya fi jabun zubi wahala. Wasu kamfanonin ba su rufe ba bayan 1945. Rudolf Souval na Vienna, mai L/58, ya ci gaba da buga kaya shekaru da yawa yana sayar wa masu tarawa, haka Steinhauer & Lück sun yi aiki da tsofaffin hatimansu bayan yaƙi. Irin wannan kaya yanzu sun tsufa da gaske, tsatsarsu ba ta ƙarya ba ce. Ana gane su ta lalacewar hatimi da ta ƙaru, da ƙarancin kyan gamawa, da irin allura da ƙugiyar baya.

Ƙyallen kuros ɗin, baƙi da fari da ja da fari da baƙi, ka haska shi da fitilar duba jabun kuɗi a cikin duhu. Idan farin ya ɗau haske shuɗi-shuɗi, akwai sinadarin ƙara fari wanda bai yaɗu a masaƙu ba sai wajen shekarun 1950. Sai dai tsohon ƙyalle da aka wanke da garin sabulu ma yana yin haka, dabbare-dabbare. In mai kaya ya yarda, zare zare ɗaya ka ƙona: auduga da reyon toka suke zama, nailan kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ƙyalle dai ana sauya shi, don haka hukuncinsa bai shafi kuros ɗin ba.

Bajen kuwa, mai hoton bindiga a cikin zoben ganye da gaggafa a sama, rashin tambari ba aibi ba ne, da yawan na asali haka suke. An kafa shi ranar 20 ga Disamba 1939, ana ba wanda ya shiga farmaki uku a ranaku uku daban-daban, aka ƙaro mai launin tagulla a Yunin 1940 don sojan ƙafa masu tafiya a mota. Tsawonsa ya ɗan haura milimita 60. Na farkon yaƙi bugun tagulla ne ko farin gami, bayansu a kwarɓe. Da ƙarfe ya yi tsada aka koma tutiya, ita kuwa tana shanye ruwan azurfar da aka shafa mata, shi ya sa yawancinsu yau toka-toka suke, amma allurar baya tana riƙe da launinta domin ba tutiya ba ce. Bajen tutiya da ke walƙiya gaba da baya bayan shekara tamanin, a yi hattara da shi.

Jabun zubi ana yin sa ne daga na asali, saboda haka yana ƙanƙancewa, sau da yawa kusan milimita ɗaya a tsawo. Auna shi da kalifa, ma'aunin milimita mai baki biyu. A ƙarƙashin gilashi fuskarsa tana da ƙananan ramuka kamar bawon lemo, jijiyoyin ganye da gashin gaggafa sun dakushe, madaurin bindigar ya manne da jikinta. Gefen na bugu yana nuna siraran layuka a tsaye inda inji ya datse shi. Na zubi layi ɗaya ne a kwance, ko kuma sawun zarto inda aka goge shi. Sannan ka juya baya, domin masu jabu gaba suke ƙawatawa. Kowane kamfani yana da irin hinjinsa da ƙugiyarsa, wasu an like su a kan ɗan faranti, wasu an matse su cikin jikin tutiyar. Tulin dalma ko gam mai ɗaukar haske a fitila yana nufin gyara ko jabu. Ka shinshina shi ma. Tsufan da aka yi da sinadari yana da wari, kuma launinsa ɗaya ne ko'ina, alhali gogewar gaske a wuraren da suka taso take, kan gaggafa da kunamar bindiga.

Takardar shaidar da dila ya rubuta wa kayansa da kansa ba ta da wani nauyi a wurina. Abin da ke da nauyi shi ne alkawarin karɓar kaya a mayar da kuɗi, a rubuce. Kada ka yi cinikin biri a sama da hoto ɗaya mai hazo. EK2 miliyoyi aka raba, ba abin gaggawa ba ne. Wanda ya fara kawo maka babban kuros ɗin da ake ratayawa a wuya, wanda dubu bakwai da 'yan ɗaruruwa kawai suka samu, da farashin rahusa, ka san inda ya dosa.

Ka kuma san abin da kake riƙewa. Alamar da ke jiki ta gwamnatin da ta hallaka miliyoyin mutane ce, kuma sashe na 86a na dokar laifuka ta Jamus ya hana nuna ta a fili ko yaɗa ta, Ostiriya da Faransa ma suna da nasu hanin, shafin cinikin intanet na eBay ba ya yarda a sayar. Idan ta gidan waya za a aiko maka, bincika dokar ƙasar da zai fito. Za ka kuma ci karo da kuros samfurin 1957, wanda Jamus ta Yamma ta halatta wa tsofaffin sojoji, da ganye uku a madadin suwastika. Halastacce ne, amma ba kayan lokacin yaƙi ba ne, farashinsa daban.

In ka saya, kada ka goge, kada ka sa man goge ƙarfe, rabin darajar take tafiya. Ajiye su a busasshen wuri da ƙunshin silika, musamman da damina, ban da leda mai laushi da soso, kuma ka raba na tutiya da ya fara fitar da farin gari daga sauran. Kafin nan turo mana hotuna a hasken rana ba filashi: gaba, baya, gefe, zoben a kusa, kusurwoyin ciki huɗu, hinji da ƙugiya, tare da awon milimita da nauyi daga sikelin 'yan zinare.