Ƙwannafin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: olsa ce ko wani abu daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, shekarata 46. Yau shekara uku ke nan ina fama da zafi a ƙahon zuci, ya taso har maƙogwaro, musamman da dare. Wani lokaci ruwa mai tsami ke tashe ni daga barci, in wayi gari murya a dishe. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni Mist Mag da omeprazole, ina sha in abin ya motsa. In ya tsananta kuma uwargida ta jiƙa mini kanwa. Na bar yaji, na bar wake, na bar kunun tsamiya, har na rasa abin da zan ci. Sai bayan Isha'i nake dawowa daga shago, in ci tuwo in kwanta. Shin olsa ce, kuma ana rabuwa da ita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ban gan ka ido da ido ba, amma abin da ka zayyana ya fi kama da ƙwannafi mai naci, ba gyambon ciki ba. A ƙasar nan duk abin da ya yi zafi tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa, shi ya sa mutum zai shekara yana maganin abin da ba shi ke damunsa ba.

Olsa gyambo ne a bangon ciki ko farkon hanji. Yawanci ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ke haddasa shi, wadda likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano ta, ko kuwa yawan shan magungunan ciwon jiki. Ƙwannafi kuwa matsalar ƙofa ce. A inda maƙoshi ya haɗu da ciki akwai wata tsoka mai tsuke bakin cikin, kamar zugen wando. Ta buɗe loma ta wuce, ta sake tsukewa. In ta yi sanyi, ko tana buɗewa ba bisa ƙa'ida ba, sai ruwan asid ɗin da ke narkar da abinci ya yo sama. Shi ciki Allah ya yi masa shafe na majina mai kare shi, maƙoshi kuwa ba shi da irin wannan kariya, shi ne zafin da kake ji. Dishewar murya ma daga nan take.

Ɗauki gorar ruwa wadda murfinta bai kama ba. In tana tsaye ko ɗigo ba za ka gani ba. Cika ta fal ka kwantar, ka ga aiki. To, jumlar da ke kusa da ƙarshen wasiƙarka ita ce ta fi jan hankalina: ka ci tuwo ka kwanta. Ka yi ta yi wa kanka haramci a kan wake da tsamiya, alhali lokacin cin ne babban mai laifi. Ciki na buƙatar akalla awa 3 tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya. Na san halin kasuwa, ba a rufe shago don tuwo. Amma ana iya aiko maka da kwanon gida wajen La'asar ko da Magariba, ka ci babban abincinka a nan, in ka koma gida ka tsaya a kan abu kaɗan maras maiƙo. Teburin mai shayi da ƙarfe goma na dare, da indomie da ƙwai yana ninƙaya cikin mai, wannan kam sai haƙuri.

Sai gado. Ka sa bulo mai inci shida a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗaga da kamar santimita 15 zuwa 20. In katifa ce a ƙasa, a cusa wani abu ƙarƙashinta tun daga ƙugu zuwa kai, ta yi gangare. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ka yake yi a tsakiya ya ƙara matse cikin. Kwanciya ta gefen hagu ta fi rage tasowar ruwan. Na san da yawanmu da dama muke farawa saboda sunna. Ka fara da ita ka yi addu'o'inka, in barci ya zo ka juya.

In akwai teɓa, rage ta na cikin abubuwan da suka fi aiki, domin ita ke danna gorar daga waje. Haka ɗaure tazuge tamau. Sigari da shisha suna sassauta tsokar. Game da abinci kuwa, ba ni da dogon jerin haram. Maiƙo ya fi yaji ɓarna ga mutane da yawa, don yana jinkirta fitar abinci daga ciki: ƙosai, soyayyen nama, balangu mai kitse. Goro, kofi, shayi mai kauri, na'ana'a da lemon kwalba mai gas su ma sukan tayar. Ka dawo da waken nan da sauran abubuwan da ka kora, ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanne ne da gaske yake taɓa ka. Nono yana sanyaya wuri na ɗan lokaci, amma ƙwarya guda ta fura daf da kwanciya cika gora ce.

Kanwa kuwa, don Allah a gaya wa Hajiya ta daina. Gaskiya ne tana kashe kaifin asid nan take, shi ya sa kakanninmu suka riƙe ta. Amma cike take da sodiyam, irin sinadarin gishiri mai tayar da hawan jini, kuma iskar da take tarawa ita ke sa gyatsa, kowace gyatsa kuwa buɗe ƙofar nan take yi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Mai shekara 46 bai kamata ya mai da ita abin sha ba.

Omeprazole ɗinka ma ba haka ake shan sa ba. Ba maganin kashe gobara ba ne. Mist Mag ko Gaviscon su ke wannan aikin. Shi omeprazole rage samar da asid ɗin yake yi tun daga tushe, kuma sai ya ɗauki 'yan kwanaki kafin ya kankama. Ana shan sa kullum, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, yawanci na mako 4 zuwa 8, sannan likita ya duba ko a rage ko a ci gaba. Da azumi, kafin sahur ake sha, kuma a daure kada a koma shimfiɗa da an sallame Asuba. In an miƙo maka wani maganin ƙwannafi mai suna ranitidine kada ka karɓa, a 2020 an janye shi a Amurka da Turai saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki.

Ana rabuwa da shi? Wasu in sun gyara lokacin ci suka sauke nauyi, sai su manta da shi. Wasu kuwa yana tafiya yana dawowa, su riƙa komawa kan magani lokaci-lokaci, kuma suna rayuwarsu lafiya lau.

Shekara uku dai ta isa a ce likita ya gan ka, ba mai kemis ba. Ka fara da babban asibitin Daura. In ana buƙatar zura na'urar leƙa ciki za su tura ka Katsina ko inda ake yi. In za a gwada H. pylori a bayan gida, sai ka yi mako 2 ba ka sha omeprazole ba, in ba haka ba gwajin na iya yin ƙarya. Amma in loma ta fara tsaya maka a ƙirji, ko kana ramewa ba dalili, ko amai da jini, ko bayan gida baƙi kamar kwalta, kada ka jira ranar kasuwa ta wuce. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, da zufa, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan zuciya ake zargi, asibiti ake nufa a daren.

Ranar da za ka je, ka zuba duk magungunan da ke gidanka a leda ka tafi da su, har na ciwon gwiwa da na hawan jini. Diclofenac, ibuprofen da asfirin suna cin bangon ciki, amlodipine da nifedipine kuma sukan sassauta tsokar da muke magana a kai. Kada ka daina na hawan jini da kanka, bari likita ya gani ya canza in da hali.